Minjiryar Badamasi da Gwiwar Baba Hamad

Idan ana lissafin masu baki a cikin ɗaliban Najeriya da suka zauna a Alƙahira, duk wanda bai fara da Badamasi ba, to bai san Madinat Nasr ba. Ni Sagiru ɗaki ɗaya muka zauna da shi, kuma har yau kunnena bai gama hutawa ba. Shari'a aka turo shi karantawa, amma babu fannin da bai ƙware a kai ba, in dai da baki ne. Rediyo ta lalace, shi ne injiniya. Wani ya yi tari, shi ne likita. Ranar da ya gyara mana fanka sai ta koma juyawa da baya, ya ce ai haka ya fi, yanzu zuƙe zafin take yi.

Mu uku ne a gidan hayar da muka kama a unguwar Hayyul Ashir da ke cikin Madinat Nasr: ni, da shi, da Ɗantsoho, wani siririn Bakatsine mai tsoron Allah da tsoron komai da komai.

A shekarar 2014, lokacin da wutar lantarkin Masar ta koyi halin tamu ta gida, Badamasi ya kamu da son Mahasin. Ita 'yar Baba Hamad ce, wani dattijon tela Bahaushen Sudan, wanda kakanninsa suka taso daga ƙasar Kano za su Makka a ƙasa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Matarsa Hajja Bakhita tana sayar wa ɗalibai abinci, ta nan muka san gidan. Suna zaune a hawa na biyar, a bene marar lif, ga shi gwiwar tsohon ta dama ta kumbura da sanyin ƙashi. Abin da ya fi cin ransa shi ne ya daɗe bai sauka sallar Juma'a ba.

Kuma ba Badamasi kaɗai ke hawa benen nan ba. Akwai wani Fadl mai shagon yadi a kasuwar Ataba, shiru-shiru, wanda in zai zo gaisuwa yakan riƙo lemo da sukari. Namu mutumin kuwa surutu yake riƙowa.

Wata rana muka je gaishe da tsohon. Badamasi ya durƙusa, ya dubi gwiwar kamar mai taya rago, ya latsa nan ya latsa can.

"Baba, wa ke duba ka?"

"Likitoci, ɗana. Sun ce tsufa ne, sai haƙuri."

"Tsufa! Allah Sarki. Baba, jijiya ce kawai ta yi barci, tashinta za a yi. Wannan a wurina ai kamar shan shayi ne."

Na taka masa ƙafa. Ko gezau.

Baba Hamad mutum ne mai raha. Ya yi murmushi ya ce, "To, ɗana. Na san abin da ke kawo ka gidan nan, kuma ba gwiwata ba ce. In ka sa na sauka masallaci, turo manyanka mu yi magana. In kuwa ka kasa, ka san Fadl ya riga ka sallama."

Daga kicin muka ji wata ta yi dariya ta toshe baki.

Muna saukowa na ce masa, "Kai, da me za ka tashi jijiyar?"

"Sagiru, matsalarka ƙarancin karatu."

Washegari ya tafi wajen masu tsofaffin littattafai a Ataba, ya dawo da wani littafin Larabci da ɓera ya cinye wa bango, mai ba da tarihin yadda magabata suka gano lantarki a jikin dabbobi. Muna cin abinci yana karanta mana da ƙarfi. Wai wani Bature a Italiya ya taɓa ƙafar mataccen kwaɗo da ƙarfe iri biyu, sai ƙafar ta yi harbi.

"Matacce fa!" in ji Badamasi, yana dukan tire. "Mataccen kwaɗo! To ina ga gwiwar da mai ita yake raye, har yana shan kofi?"

Da yake ba a samun kwaɗo a Madinat Nasr, sai ya ɗauko cinyar kazar da muka ajiye don miyar dare, ya kwance batiran tocilan ɗin Ɗantsoho, ya soka mata waya. Muka kewaye tebur muna jira.

"Ta motsa!"

"Kai ka girgiza tebur," in ji Ɗantsoho.

"Kazar Masar ce, ta kwana a ƙanƙara, jijiyarta ta daskare. Wuta ce ta yi mata kaɗan."

Na ga yana kallon soket ɗin bango da wani irin kallo. Muka rantse masa in ya kusanci tsohon mutane da wutar bango, mu da kanmu za mu kira babansa a waya. Allah Ya taimake mu, a daidai lokacin aka ɗauke wutar, Ɗantsoho kuma ya mayar da cinyar tukunya.

Da mun sani da mun bar shi da kazar. Domin a shafin gaba ya tarar cewa likitocin zamanin da sukan ɗora wa mai ciwon gaɓɓai wani kifi mai girgiza mutum, har ciwon ya kwanta.

"Minjirya!" Ya miƙe tsaye. "Ashe abin namu ne! Ga Nilu kuma a bayan gida. Ni da kakana na wajen uwa Sarkin Ruwa ne?"

Na san garinsu. Ko kududdufi ba ya kai musu kaka.

Ya yi ta sintiri bakin kogi ta ɓangaren Giza har wani masunci ya gaji da shi ya samo masa ɗaya. Ni ya ja na raka shi ɗauko ta, don bokitin na da nauyi. Ƙatuwa ce, mai sulɓi da ɗige-ɗige, da gashin baki, da 'yan ƙananan idanu kamar wadda aka tasa daga barci. Masuncin ya ɗaga yatsa ya ce, "Ya shekh, kada ka taɓa ta da hannu."

Badamasi ya juyo da Hausa ya ce min, "Ji shi. Yana gaya wa mai karatu."

Muka shiga ƙaramar bas, bokiti a tsakanin ƙafafunsa, ya rufe da tsohon rawani. To, kun san yadda ake biyan kuɗin mota a Alƙahira: na baya ya miƙa wa na gabansa, hannu zuwa hannu, har ya isa ga direba. Wani ƙaton Bamisire mai tumbi da ke kusa da mu ya karɓo na mutanen baya, direba ya taka burki, rawani ya zame, tsaba ɗaya ta faɗa bokiti, tsulum.

Bawan Allah mai amana, bai tsaya tambaya ba, ya naɗe hannun riga.

Na ce, "Ya ammu," wato baffa, "dakata!"

Ina! Ƙarar da mutumin nan ya saki sai da direba ya hau dakalin titi. Sauran tsabar ta watse, wata tsohuwa ta fara salati, wani ya ce bom ne. Mai tumbi yana yarfe hannu yana zagin kifin, da mai kifin, da ƙasar da aka haifi mai kifin.

Badamasi kuwa fuskarsa sai haske take. "Ya ustaz, kafin yanzu kana fama da ciwon kafaɗa? Ɗaga hannun mu gani."

Da ƙafa muka ƙarasa gida, kuma ni na ɗauki bokitin.

A banɗakinmu akwai wani shuɗin duro da muke tara ruwa, domin da an ɗauke wuta injin turo ruwa sama yake tsayawa. Ina can ina shafa wa kafaɗata man zafi, ashe gogan naka ya juye baƙuwarsa a ciki, bai gaya wa kowa ba. La'asar ta yi, babu wuta, famfo ya ƙafe, banɗakin kuma ba shi da taga. Ɗantsoho ya idar da alwala da ɗan ruwan da ya rage a buta, sannan, da yake mutum ne mai tunanin na baya, ya tsoma butar a duro don ya cika mana.

Buta ce ta fara fitowa, ta bugi bango. Sannan shi ya biyo ta da rarrafe, idanu waje.

"Aljani! Wallahi aljani a duro! Ya kama ni ta hannu ya fita ta ƙeya!"

Ana cikin haka Malam Jibrin ya yi sallama. Shi ne babban ɗalibanmu, yana rubuta digirinsa na uku tun kafin mu zo Masar, har furfura ta cim masa a kai. Da ya ji abin da ya faru, maimakon ya yi wa Badamasi faɗa, sai ya gyara zama, ya ga mas'ala ta samu.

"Malam Ɗantsoho, alwalarka za mu fara dubawa. Hankalinka ya gushe ko bai gushe ba?"

"Allah gafarta Malam, ban sani ba. Na dai ga Katsina."

"Ka gan ta da ido, ko ka tuna ta? Domin in tunawa ce, hankali na nan, alwala na nan."

"Har ƙofar gidanmu na gani."

"To sake ta, fita daga saɓani ya fi. Ruwan kuwa mai tsarki ne, tunda kifin bai canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba."

"Ya dai canza masa hali," in ji Ɗantsoho, ya tafi neman ruwa wajen maƙwabta.

Da Malam Jibrin ya leƙa duron ya ga girman dabbar, sai ya ce, "Badamasi, wannan in ta bugi tsoho kamar Baba Hamad, ba gwiwa za ta tayar ba, gawa za ta kwantar."

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Badamasi ya koma kan littafinsa yana buɗe shafuka. Can sai ya yi tsalle, ya nuna mana wani zane: mutane a jere sun riƙe hannun juna, na farko da na ƙarshe suna taɓa abin lantarkin.

"Kun gani? Masana sun riga sun warware. Malam, in an ajiye tuwo malmala ɗaya, mutum ɗaya ya ci, me zai faru?"

"Zai ƙoshi."

"In mutum takwas suka sa hannu fa?"

"Kowa loma ɗaya."

"Khalas, shi ke nan! Haka wutar take. Mu jeru mu riƙe hannu, kowa ya ɗebi lomarsa, kafin ta isa wurin Baba ta zama 'yar kaɗan, daidai gwiwa. Hannu da yawa ai maganin ƙazamar miya."

Na tambaye shi me aka rubuta a ƙarƙashin zanen. Ya ce wurin ne ɓeran ya ci. Wallahi ni ma a lokacin hujjar tuwon ta shige ni, kuma Malam Jibrin ya gyaɗa kai ya ce ƙiyasin ba shi da laifi.

Badamasi bai iya yin abu a ɓoye ba. Kafin ranar Alhamis ya gaya wa mai kanti, da mai wanki, da duk wanda ya tsaya kusa da shi a sahu. Da muka isa gidan da la'asar sakaliya, mun tarar da mutane tun daga hawa na uku: 'yan Sudan, ɗalibai, matan maƙwabta da yara a kafaɗa. Fadl ma yana nan a gefe da ledar lemonsa.

Aka bar ƙofa a buɗe don kowa ya gani. Aka naɗe darduma, aka ajiye babbar robar wanki a gaban kujerar Baba Hamad, aka juye minjirya a ciki. Ta kwanta a ƙasan ruwa abinta.

Tsohon ya leƙa. "Ɗana, ka tabbata?"

"Baba, ko gobe ka so buga ƙwallo, sai dai in hana ka."

Ya shiga jera mu kamar limami. Shi ne a farko, a durƙushe ta wajen kan kifin. Sai ni. Sai Ɗantsoho, wanda ya zo ne kawai don an ce masa taimakon mara lafiya lada ne, yana ta karanta duk addu'ar da ya haddace. Sai Ammu Hussain mai gadin benen, wani Basa'ide, mutumin kudancin Masar, mai gashin baki da ya ce shi ko kunama ba ta yi masa komai. Sai maƙwabta uku. Sai Malam Jibrin, wanda ya riƙe hannun Baba Hamad. Layin ya zagayo kamar ƙahon sa, ya dawo bakin robar. Mata suka tsaya a ƙofar kicin, Hajja Bakhita a gaba, Mahasin na leƙowa ta kafaɗarta.

"Hajja," in ji Badamasi, "a tanadi takalmin Baba."

"Takalminsa na nan, Likita," in ji Mahasin. "Naka ka ajiye kusa da ƙofa."

Baba Hamad ya yi bismillah ya sa ƙafa a ruwa ta wajen wutsiya. Badamasi ya tsoma ɗan yatsa ɗaya ta wajen kai, nesa-nesa. Muka runtse ido.

Shiru.

Na buɗe ido ɗaya. Minjirya na kwance, ko gashin bakinta bai motsa ba.

"Ya aka ji, Baba?"

"Ruwan dai da sanyi, Alhamdulillahi."

Wani daga matakala ya ce, "Ita ma an ɗauke mata wuta!" Dariya ta gangara har hawa na uku. Ammu Hussain ya ce kifin ya mutu, a ba shi ya kai wa matarsa. Fadl ya sunkuyar da kai yana gyara ledarsa, amma na ga kafaɗunsa suna rawa.

Gumi ya karyo wa Badamasi. "Kunya take ji, jama'a sun yi yawa. Kada kowa ya saki hannu!"

Baba Hamad dai ya gaji. Ya zare ƙafarsa daga ruwa, ya saki hannun Malam Jibrin, ya karɓi kofin gahawar da Mahasin ta kawo masa. Malam Jibrin, da hannunsa ya sami 'yanci, sai malanta ta motsa. Ya sunkuya ya tsoma shi a robar har wuyan hannu, ya juyo ga jama'a.

"Ku shaida, babu komai a ruwan nan. Abin da babu shi kuwa, ba a gina hukunci a..."

A daidai nan Badamasi, da ya ji an fara kiran sunan Fadl a matakala, ya cusa hannu ya damƙi kan kifin ya girgiza shi. "Tashi mana, 'yar banza!"

Ta kuwa tashi.

Jama'a, lantarki ba tuwo ba ne. Babu wanda ya sami loma, kowa malmala guda ya samu. Ji na yi kamar an maka min taɓarya a gwiwar hannu biyu lokaci ɗaya. Mu takwas muka yi sama tare, kowa ya kira abin da ya fi kusa da zuciyarsa. Ɗantsoho ya yi kalmar shahada. Ammu Hussain, wanda kunama ba ta yi wa komai, ya kira sunan matarsa. Hular Malam Jibrin ta faɗa kicin. Badamasi kuwa ya ƙwala "Wayyo Inna!", ya yi baya, ƙafarsa ta ture robar, santsi ya kwashe shi, ya tafi gaba ɗayansa ya zauna daɓas a cinyar Baba Hamad, ya rungume wuyansa. A kan gwiwar hagu ya sauka, mai lafiyar.

Mutumin da ko haɗa ido bai kamata ya yi da shi ba, ga shi a cinyarsa, gahawa na ɗiga daga gemun tsohon zuwa kan hularsa.

Ruwa ya bi ƙofa ya gangara matakala, minjirya ta biyo shi tana wutsil-wutsil. 'Yan kallo suka watse, ana hawa kan juna, takalma na ta gangarawa. Hajja Bakhita ce kaɗai ba ta ruɗe ba. Ta kife kifin da kwandon roba, ta ɗora turmi a kai, sannan ta zauna a ƙasa ta yi ta dariya har da hawaye.

"Ɗana," in ji Baba Hamad a hankali, "in ka gama hutawa, ka ɗaga ni."

Badamasi ya zame ƙasa ya durƙusa. Gaskiya ya ba ni tausayi, domin son yarinyar nan yake yi da gaske, kuma ga Fadl a tsaye, busasshe, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Tsohon ya shafa gwiwar hagu ya yamutsa fuska. "Ka same ni da ƙafa ɗaya mai aiki, ka raba ni da ita a gaban shaidu. Malam Jibrin, wanda ya ɓata wa mutum abin hawansa, mene ne hukuncinsa?"

Malam Jibrin, yana ta yarfe hannu, ya ce, "Ya biya shi da irinsa, Baba."

"Madalla. Ni ban ce da ƙafar wa zan sauka masallaci ba. Gobe Juma'a. Ka zo da wuri, ka ci abinci sosai." Ya juya wajen kicin. "Mahasin, ke me kika gani?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Baba, in bai yar da kai ba har Babbar Sallah, manyansa su zo. Amma littafin a ba Hajja ta hura gawayi."

Fadl ya ajiye lemonsa a kan tebur, ya yi sallama cikin mutunci. Minjirya kuwa a daren nan Hajja ta yi farfesunta, Ɗantsoho ya roƙi a ba shi kan.

Washegari Badamasi ya goya Baba Hamad, na bi su a baya riƙe da sanda da darduma. Saukowa da sauƙi, har Badamasi yana gaya wa mutanen matakala cewa a duk Alƙahira babu saurayin da surukinsa ya yarda da shi haka. Baba Hamad ya yi sallarsa a cikin sahu, a kan kujera, ya daɗe yana addu'a yana share ido, tsofaffin abokansa suka kewaye shi ana ta gaisawa.

Hawowa ce ta raba gardama. Tsohon ba shi da jiki, amma ƙashin tela nauyi gare shi. A hawa na biyu baki ya mutu. A na uku gumi ya jiƙe jallabiya. A na huɗu Badamasi ya jingina da bango yana haki, na ce yau kam an gama da shi. Sai na ji ya ja numfashi.

"Baba... na taɓa karantawa... wai harbin ƙudan zuma, in aka samu kamar guda..."

Baba Hamad ya ƙara matse masa wuya, ya zungure shi da diddige.

"Yalla, mu je, ɗana. Saura hawa ɗaya."